Ba Kowane Ƙaiƙayi Ne Sanyi Ba: Halin Da Iyayenmu Mata Ke Shiga Bayan Ɗaukewar Al'ada

Da za a ce in zaɓo kalma guda wadda Hausawan yau suka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinta, to kalmar "sanyi" zan zaɓa. Budurwa ta ga farin ruwa, a ce sanyi ne. Amarya ta jinkirta samun ciki, a ce sanyi ne. Mara ta murɗa, baya ya riƙe, fitsari ya yi zafi, duk dai sanyi ne. Haka nan idan dattijuwa 'yar shekara 55, wadda ta aurar da 'ya'ya har ta goya jikoki, ta soma jin ƙaiƙayi da bushewa da raɗaɗi a gabanta, amsar da za ta samu daga maƙwabciya, da mai kemis, da mai tallar magani da lasifika a bakin kasuwa, ɗaya ce tak: sanyi ne ya yi mata yawa.

Na shafe shekaru masu yawa ina aikin jinya da karɓar haihuwa a cikin birnin Katsina da kewayensa, kuma abin da na gani, wanda ya dace da abin da ilimin likitanci ya tabbatar, shi ne cewa mafi yawan matan da ke wannan kuka bayan al'adarsu ta ɗauke ba su ɗauke da wata ƙwayar cuta da za a ce a kashe ta. Canji ne da jiki ke yi idan wani sinadari ya ja baya, yana da suna a wurin likitoci, yana kuma da magani mai sauƙi. Duk watan da mace ta ɓata tana haɗiyar maganin sanyi, ƙara wa kanta wahala take yi, kuma wani lokaci tana rufe wata cuta mai hatsari da ya kamata a gano da wuri.

Kunyar da ba ta da tushe

Na san akwai mai karatun da zai yamutsa fuska, ya ce wannan ba zancen shafin jarida ba ne. Ina ba shi haƙuri, amma ina so ya tuna da yadda aka karantar da mu. A wannan birni na Gobarau, wanda aka san shi da malamai tun ƙarnoni da suka shige, yaro ko yarinya ba ya nisa da karatu sai ya iske babin haila da na jinin biƙi a cikin Ahalari, ya kuma sake iske su a cikin Risala, malam yana fassarawa dalla-dalla a zaure ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Aya ta 4 a Suratuɗ Ɗalaƙi ta ambaci matan da suka ɗebe tsammani daga haila, ta kuma yanka musu idda ta wata uku. Ke nan addini ya san da wannan mataki na rayuwar mace, ya kuma yi maganarsa a sarari. Mu ne muka mayar da shi abin rufa-rufa, har ta kai uwa na iya faɗa wa 'yarta likita cewa gwiwa na damunta, da hawan jini, da rashin barci, amma ta haɗiye abin da ya fi hana ta sukuni.

Lamarin kuwa ba na 'yan tsiraru ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'adarsu na ɗaukewa tsakanin shekara 45 da 55, kuma ana tabbatar da hakan ne idan mace ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba, ba tare da ciki ko wani dalili ba. Wani bincike da aka wallafa a 1990 a kan matan Yarabawa ya gano cewa matsakaicin shekarun ɗaukewar ya kama wajen 48. Hukumar ta kuma ce a shekarar 2021 mata masu shekara 50 zuwa sama sun kai kashi 26 cikin 100 na dukkan matan duniya. Daga cikin waɗanda al'adarsu ta ɗauke, likitoci sun ƙiyasta cewa kimanin rabi na fama da wannan bushewa ko wani ɓangare nata. Mai karatu ya dubi ofishinsu: shugabar makaranta, babbar ma'aikaciyar jinya, darakta a ma'aikata, alƙaliya, duk a wannan zango suke. Ma'aikaciyar da al'adarta ta tsaya tana da shekara 48 tana iya samun sauran shekara 12 a gaba kafin ta kai 60 na ritaya, tana zaman taro na sa'o'i da murmushi a fuska, alhali ita kaɗai ta san abin da ke cin ta.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Ma'ajiyar ƙwan mace guda biyu, ban da ƙwan haihuwa, suna samar da wani sinadari da ake kira istirojin. Shi ne ke sa bangon farji ya kasance mai kauri, mai laushi, mai miƙewa ya dawo, kuma shi ne ke jawo jini zuwa wurin domin samar da danshin da matanmu ke kira ni'ima. Bugu da ƙari, yana sa fatar wurin ta tara wani nau'in sitaci, wanda wasu ƙwayoyin halitta masu amfani ke ci su samar da ɗan tsami. Wannan tsami shi ne mai gadin ƙofa, shi ke hana miyagun ƙwayoyi zama. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, wanda ƙaramin adadi ke nuna yawan tsami, gaban mace mai haila yana tsakanin 3.8 da 4.5, bayan ɗaukewar al'ada kuwa yakan haura 5.

Idan istirojin ya ja baya, sai bangon ya yi siriri, ya bushe, ya rage miƙewa, ya zama abu kaɗan ke sa shi tsagewa. Daga nan ne ƙaiƙayi ke tasowa, da jin zafi kamar an zuba barkono, da raɗaɗi a lokacin kwanciyar aure, wani lokaci har da ɗan ɗigon jini. Tun da mafitsara da bututun fitsari su ma da wannan sinadari suka dogara, sai mace ta riƙa jin fitsari a kai a kai, ko ya matse ta farat ɗaya, ko ya yi mata zafi, ko kuma ciwon mafitsara ya riƙa dawo mata sau da yawa a shekara. Ga mace mai son riƙe alwala daga Magariba zuwa Isha, ko mai tsayuwar dare a watan azumi, wannan ba ƙaramar damuwa ba ce. Saboda haɗuwar waɗannan alamomi ne, a shekarar 2014, wasu ƙungiyoyin likitoci biyu masu mazauni a Amurka suka sauya wa matsalar suna, daga tsohon sunan da ke nufin yamushewar farji kawai, zuwa wanda ya haɗa al'aura da hanyar fitsari gaba ɗaya.

Matan da suka yi shayarwa sun ɗanɗana irin wannan, domin a lokacin goyo ma sinadarin kan ragu, sai dai yakan dawo bayan yaye. Wadda aka cire wa ma'ajiyar ƙwai biyu a tiyata kuwa, takan shiga wannan hali nan take ko da shekarunta ba su kai ba. Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a sani. Zafin jikin da ke tasowa kwatsam da gumin dare, waɗanda su ma alamomin wannan zango ne, galibi sukan lafa bayan wasu shekaru. Bushewar gaba ba ta tafiya da kanta, ƙaruwa take yi idan ba a kula da ita ba. Don haka haƙurin da ake ba mace, a ce ta daure zai wuce, ba ya aiki a nan.

Yanayin garinmu ma yana ƙara wa Barno dawaki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na busar da fata har leɓe da diddige su tsage, kuma fatar da ta riga ta yi rauni ba ta tsira ba. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi kan haura digiri 40, ga gumi, ga tufafi a kan tufafi, ga ɗan kamfai na roba da ba ya barin iska ta shiga.

Yadda neman magani ke zama cuta

Ba zan manta da wata malamar makaranta ba, mai kimanin shekara 53, wadda ta zo mini da leda cike da kwalayen magungunan da ta sha a cikin kusan shekara biyu: kafso kala-kala, ƙwayoyin cusawa, man shafawa, da jarkoki biyu na jiƙo. Kowane sabon magani yakan ba ta sauƙin kwana uku ko huɗu, sai abin ya dawo ya fi na da. A tsawon wannan lokaci ba wanda ya taɓa duba ta, ba kuma wanda ya tambaye ta yaushe rabonta da al'ada. Da likita ya duba, aka yi gwaji, ba a sami wata ƙwayar cuta ba. Wata biyu da fara maganin da ya dace, ta dawo tana cewa ashe dama haka abin yake da sauƙi.

Dalilin da ya sa maganin sanyi ke ƙara dagula lamari ba ɓoyayye ba ne. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba sa bambance mugu da nagari, saboda haka sukan ƙarasa 'yan ƙwayoyi masu amfanin da suka rage, su buɗe ƙofa ga wasu cututtukan, su kuma sa ranar da ake buƙatarsu da gaske su ƙi aiki. Man shafawar nan mai haɗin magani uku da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, yana ɗauke da wani sinadari mai kwantar da ƙaiƙayi na ɗan lokaci, amma yawan shafa shi ba bisa ƙa'ida ba yana ƙara sirantar da fata. Shi kuwa ƙaiƙayin nan mai farin ruwa kamar kindirmo, wanda ya fi yawa a tsakanin mata masu haila, raguwa yake yi bayan ɗaukewar al'ada. Idan ya dage wa dattijuwa yana dawowa, abin da ya kamata a fara aunawa shi ne sukarin jininta.

Sai kuma tsafta irin wadda ta wuce gona da iri. Mace ta ji ƙaiƙayi, sai ta ɗauka ƙazanta ce, ta shiga dirzar wurin da soso da sabulu mai ƙamshi, ta zauna a ruwan zafi da gishiri ko Dettol, ta yi tsarki da ruwan bagaruwa ko alimun. Mu tambayi kanmu, me majema ke yi da bagaruwa? Jimar fata suke yi da ita, domin tana tsotse ruwa ta ɗaure fata. To fatar da kukanta shi ne bushewa, ina amfanin a jeme ta? Haka turaren tsuguno, da miski, da sauran kayan ƙamshi, duk suna iya tayar da ƙaiƙayi a fatar da ta yi rauni, ko da a shekarun baya mace ta yi amfani da su lafiya lau.

Kasuwar kayan mata, wadda a da sai a ɗakin dillaliya ko wurin biki, yanzu ta koma cikin wayar hannu, a Facebook da WhatsApp da TikTok. Ba ni da ja da dabino da aya da kwakwa da madara, abinci ne mai gina jiki, sai dai ba za su mayar da sinadarin da ya tafi ba, mai ciwon suga kuma ta yi hattara da zaƙinsu. Inda hatsarin yake shi ne abin da ake cusawa da sunan matsi. Ba wanda ya san abin da aka haɗa a ciki, da yawa ba su da lambar hukumar NAFDAC, kuma aikinsu shi ne busarwa da tsukewa, wato daidai abin da ke damun wannan mata. Masu kaifi daga cikinsu, irin waɗanda ake sa wa kanwa, suna iya ƙona bangon farji, ya warke da tabo, hanya ta tsuke har sai an kai ga tiyata.

Mafi muni shi ne yankan gishiri, inda wanzami ko ungozoma ke sa aska a tsaga cikin farji, wai don a fitar da cutar da ke hana haihuwa, ko ke kawo ƙaiƙayi, ko ke sa zafin kwanciya. Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa irin wannan yanka a cikin nau'o'in kaciyar mata. Wani likita mai suna Tahzib ya nazarci mata 1,443 da aka yi wa aikin yoyon fitsari a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello daga 1969 zuwa 1980, ya gano cewa kashi 13 cikin 100 yankan gishiri ne sanadinsu. Mu Katsinawa ba sai an ba mu labari ba. Ga asibitin Babbar Ruga nan a bakin gari, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya fara ɗinke mata masu yoyon fitsari tun a farkon shekarun 1980, wanda yanzu ya zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki. Abin takaici ne a ce mace ta haihu goma lafiya, ta tsallake duk haɗarin naƙuda, sannan a shekarun girma aska ta huda mata mafitsara saboda ƙaiƙayin da man shafawa zai iya magancewa.

Abin da shiru ke yi wa aure

Wannan matsala ba a jikin mace kaɗai take tsayawa ba. Idan kwanciya ta zama azaba, mace kan fara kauce-kauce, yau ciwon kai, gobe gajiya, jibi jika ya kwana a ɗakinta. Maigida, wanda ba a gaya masa komai ba, sai ya fassara abin da raini ko ƙiyayya, ya yi fushi, ita kuma ta ga rashin tausayinsa. Mun saba jin an ce uwargida ta yafe kwana, a yaba mata da dattako. Haƙƙinta ne ta yafe in ta ga dama, amma na san da yawa da ba girma ne ya sa su yafewa ba, ciwo ne, kuma da sun sami magani da ba su sallama ba.

A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kalmar sanyi takan zama makami. Uwargida ta ce tun da aka kawo amarya ta rasa lafiya, amarya ta ce sharri ne, a raba bayan gida, a raba buta, 'ya'ya su ja ɓangare. Wata ma takan zargi mijin da neman mata a waje, ko ta tafi neman karya sammu. Duk wannan a kan abin da ba wanda ya shafa wa wani, kuma ba a ɗaukarsa a masai. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Hanyoyin samun sauƙi

Matakin farko ba ya cin ko sisi. Tsarki da ruwa zalla, mai ɗumi-ɗumi ba mai zafi ba, ya wadatar ga addini da lafiya baki ɗaya. A wanke waje kawai, kada a cusa yatsa ko sabulu ciki, a kuma tsane da tsumma mai laushi ba tare da gogewa ba. A sa ɗan kamfai na auduga, a ɗauraye shi sosai don omo ya fita, a kwana babu shi idan da hali. Man kaɗanya tsantsa, wanda ba a haɗa da turare ba, ko Vaseline fari, ana iya shafa ɗan kaɗan a fatar waje don kare ta daga gumi da fitsari. A yanke farce, domin susa cikin barci na ƙara tsaga fata, tsagar kuma ta ƙara ƙaiƙayi.

Mataki na biyu shi ne mayukan da aka yi musamman don wannan wuri, waɗanda ake samu a manyan shagunan magani. Iri biyu ne. Akwai mai riƙe danshi, wanda ake sawa a ciki bayan kowane kwana biyu ko uku ko da ba za a yi kwanciya ba. Akwai kuma man santsi, wanda ake amfani da shi a lokacin kwanciyar kaɗai, kuma wanda aka haɗa da ruwa ya fi dacewa, a guji masu ƙamshi da masu sa ɗumi. Maigida shi ma yana da rawar takawa: jikin mace a wannan zango yana buƙatar lokaci da lallashi fiye da da, gaggawa kuwa rauni take jawowa.

Mataki na uku, wanda ya fi kowanne tasiri domin yana gyara tushen matsalar, shi ne mayar da ɗan ƙaramin adadi na istirojin a wurin kai tsaye, ta hanyar man da ake matsawa ciki ko 'yar ƙwaya da ake sawa. Yadda aka saba bayarwa shi ne kowane dare na mako biyu, daga nan sau biyu a mako. Akan fara jin sauƙi cikin 'yan makonni, cikakken amfaninsa kuma yakan ɗauki har wata uku, idan aka daina kuwa alamomin sukan dawo a hankali. An kuma tabbatar da cewa yana rage yawan dawowar ciwon mafitsara. Likita ne zai rubuta shi bayan ya duba mace. Wadda ta taɓa yin sankarar mama sai ta yi shawara da likitan da ke kula da ita, wadda ke ganin jinin da ba a san dalilinsa ba kuma sai an bincika tukuna.

Na san akwai masu ilimi, har da wasu ma'aikatan lafiya, da ke jin tsoro da zarar an ambaci wannan sinadari. Tsoron yana da tarihi. A watan Yulin 2002 aka dakatar da wani babban bincike a Amurka, mai mata fiye da 16,000, bayan an ga ƙaruwar sankarar mama da daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki a tsakanin masu shan wani haɗin ƙwaya ta baki. Labarin ya zaga duniya, mata suka watsar da magungunansu. Sai dai waɗancan mata, da matsakaicin shekarunsu ya kai 63, haɗiyar maganin suke yi yana zaga jiki duka, alhali wanda ake sawa a farji kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa ke shiga jini. Shi ya sa a 2022 hukumomin Ingila suka amince a riƙa sayar da wani nau'insa a shagon magani ba tare da takardar likita ba, ga mata masu shekara 50 zuwa sama da suka shekara ba su ga al'ada ba. A watan Nuwamban 2025 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanar da cewa za a cire babban gargaɗin da aka daɗe ana bugawa a kwalayen waɗannan magunguna.

Alamomin da ba a jira da su

Kada kuma wata ta karanta wannan ta yanke wa kanta hukunci cewa duk abin da take ji shekaru ne kawai. Dalilin da ya sa nake nanata a je a duba shi ne, akwai cututtukan da ke fakewa a bayan ƙaiƙayi. Ɗaya daga ciki cutar fata ce da likitoci ke kira laiken siklerosus, wadda ta fi kama mata a wannan zango. Fatar waje takan yi fari-fari kamar takarda, ta yi ƙaiƙayi mai tsanani musamman da dare. Tana da nata man shafawa mai ƙarfi da likita ke bayarwa bisa tsari, idan kuwa aka bar ta takan lalata siffar wurin, kuma a cikin kaɗan daga masu ita takan rikiɗe ta zama sankara.

Duk jinin da mace ta gani bayan ta shekara da ɗaukewar al'ada, ko ɗigo ɗaya ne, ko bayan kwanciya ne, ba dawowar ƙuruciya ba ne, kuma hukuncin sallarta ba shi kaɗai ne abin tambaya ba. Wani nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya tattara bincike masu yawa, ya nuna cewa kimanin 9 cikin 100 na mata masu irin wannan jini sankarar mahaifa ce ke jawo shi, kuma kusan 90 cikin 100 na masu wannan sankara da jinin suka fara gane ta. Sankarar bakin mahaifa ma, wadda ita ce ta biyu wajen yawa a tsakanin matan Nijeriya bayan ta mama, da irin wannan jini takan bayyana. Haka nan gyambon da ya ƙi warkewa, ko ƙullutu, ko ruwa mai wari, ko zafin fitsari tare da zazzaɓi da ciwon kwiɓi, duk ba a kwana da su. Wadda al'adarta ta ɗauke kafin ta kai shekara 40 ita ma ta ga likita, domin nata lamarin daban ne.

Wuraren zuwa kuwa muna da su. Akwai sashen kula da lafiyar mata a Asibitin Koyarwa na Tarayya, akwai Babban Asibitin Katsina, akwai Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa. Mace na da damar ta nemi likita mace ko ma'aikaciyar jinya ta duba ta, ko ta tsaya tare da ita. Idan baki ya yi nauyi, ta rubuta a takarda ta miƙa, ko ta ce kawai, "Al'adata ta ɗauke, kuma ina jin bushewa da ƙaiƙayi." Wannan jimla ɗaya ta isa ta sa mai ilimi ya gane inda aka dosa.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Ga abokan aikina ma'aikatan lafiya, mu daina jira sai an faɗa mana. Dattijuwar da ta zo awon hawan jini ko suga, tambaya ɗaya cikin ladabi, "Hajiya, akwai wata damuwa ta ɓangaren fitsari ko gaba?" tana iya buɗe abin da aka rufe shekara biyar. Makarantunmu na koyon jinya da unguwarzoma su ba wannan babi haƙƙinsa, domin hidimar mace ba ta ƙarewa ranar da ta yi haihuwar ƙarshe. Masu kemis su ji tsoron Allah su daina haɗa wa iyayenmu kafso a kan ciwon da ba su gani ba. Gidajen rediyonmu, waɗanda ke sayar da lokaci ga masu tallar maganin sanyi, su ware ko rabin sa'a ga likitocin mata, musamman a ranar 18 ga Oktoba da aka keɓe a duniya don wannan batu. Malamai mata a makarantun Islamiyya na matan aure, idan sun kai babin haila, su ƙara da abin da ke biyo bayan ɗaukewarta.

Ga mazaje kuwa, matar da ta yi shekara talatin tana ɗawainiya da kai da 'ya'yanka ta cancanci ka tambaye ta lafiya kafin ka yi mata fassara, ka kuma biya kuɗin asibiti da na magani ba tare da ƙorafi ba. Ke kuma 'yar boko da ke karanta wannan shafi, wataƙila mahaifiyarki, ko gwaggonki, ko yayarki, ba za ta taɓa ganin jaridar nan ba. Ki nemi lokacin da kuke ku biyu, ki karanta mata, ki kuma raka ta asibiti. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma duk wadda Allah Ya ja kwananta, wannan zango na nan yana jiranta.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya sa mu dace.